Sharhi: Komowar masu ziyara Baitalami a lokacin jiran Nowel

Ran Asabar 29 ga watan Nuwamba na shekara ta 2025, shugaban limaman Faransiskan masu tsaron wuraren ibadar Katolika a ƙasa mai tsarki, Fada Francesco Ielpo, ya taso daga Birnin Ƙudus ya shiga garin Baitalami, kamar yadda al'ada ta tanada a jajibirin lokacin da Kiristoci ke kira Avent da Faransanci. Mako guda bayan haka, ran 6 ga watan Disamba, aka kunna fitilun babban itacen Kirsimeti a dandalin garin, abin da ba a yi ba a 2023, ba a kuma yi ba a 2024. Cikin taron da ya cika dandalin, mafi yawa mutanen ƙasar ne, Musulmi da Kirista, daga garuruwan Yammacin Kogin Jodan da na Galili. Amma an ga baƙi ma, ƙananan ƙungiyoyin addu'a daga ƙasashen waje, kowace da limaminta a gaba, suna komowa da kaɗan-kaɗan bayan shekara biyu da ɗauke ƙafa. Mai karatu zai iya cewa mene ne abin sharhi a tafiyar mutum talatin da carbinsu. Amsar tana ga mutanen Baitalami, domin su ne suka san abin da rashin waɗannan mutum talatin ya ja musu.

Bari mu fara da bayanin lokacin kansa. Avent, watau Zuwa, shi ne farkon shekarar ibada ta Katolika. Yana somawa a Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, saboda haka yakan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Limamai na sa tufafi masu launin shunayya, ana kunna kyandir guda kowace Lahadi har su cika huɗu, ana yawaita addu'a da tuba da sadaka, ana jiran ranar haihuwar Annabi Isa. Lokaci ne na natsuwa, ba a cika shagali a cikinsa ba. Shi ya sa ƙungiyoyin addu'a da dama suka fi son zuwa Baitalami a cikin waɗannan makonni, kafin cunkoson daren Kirsimeti, wanda shiga sallarsa ma sai da tikiti.

Irin wannan ƙungiya ba ta da wuyar ganewa. Mutanen coci guda ne, ko na unguwa guda, mata sun fi yawa, da yawansu kuma sun manyanta. Sun saba haɗuwa sau ɗaya a mako suna jan carbi, sun yi shekara ko fiye suna adashi don kuɗin jirgi. In sun iso, sukan bi Titin Tauraro da ƙafa har dandali, su sunkuya su shiga Cocin Haihuwa ta wata ƴar ƙofa da tsawonta bai wuce mita ɗaya da ƴan kai ba, su bi layi su sauka cikin kogon da aka ce nan Maryamu ta haihu. Daga nan sai Kogon Nono, sai filin makiyaya a Bait Sahur. In liman mai hankali ne, yakan kai su asibitin haihuwa na Iyali Mai Tsarki ko gidan marayu na mata masu zaman zuhudu, su bar abin da suka zo da shi. Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai. Wata mata mai suna Egeria ta bar labarin ziyarar da ta yi a ƙasar tsakanin 381 da 384, malam Jerom kuma ya zauna a Baitalami tun daga 386 har rasuwarsa a 420, a nan ya yi mafi yawan aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci.

Tauraron azurfa da yaƙin Kirimiya

Wanda ya ɗauka ziyarar Baitalami ba ta da haɗi da siyasa, tarihin cocin kaɗai ya ishe shi. Sarkin Rum Kustantin da mahaifiyarsa Helena suka gina na farko, aka buɗe shi a shekara ta 339. Sarki Yustiniyan ya sake gina shi a ƙarni na 6, ginin nan ne kuma ke tsaye har yau, yana cikin majami'u mafi daɗewa da ba a daina sallah cikinsu ba. Ɗariƙu uku ke riƙe da shi: Otodoks na Girka, Armeniyawa, da Katolika ta hannun Faransiskan, waɗanda Fafaroma Kilemen na 6 ya danƙa wa tsaron wuraren a 1342. Kowane bagadi, kowace fitila, kowane matakin bene, an san mai shi da mai share shi da sa'ar da zai share.

A ƙasan kogon akwai tauraron azurfa mai tsini 14, da rubutun Latinanci, wanda Katolika suka kafa a 1717. A 1847 tauraron ya ɓace. Katolika suka zargi Girkawa, Faransa ta tsaya wa Katolika, Rasha ta tsaya wa Otodoks, Sarkin Musulmi na Istambul kuma, wanda ƙasar ke hannunsa, ya rasa wanda zai faranta wa. A 1852 ya fitar da dokar da ta daskarar da rabon wuraren yadda yake, ita ce ake bi har yanzu; aka mai da sabon tauraro, aka ba Katolika mabuɗin babbar ƙofa. Rasha ta fusata, gardamar mabuɗi da tauraro ta zama ɗaya daga cikin dalilan yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, inda dubban ɗaruruwan mutane suka hallaka. Ba shakka manyan ƙasashe na da wasu buƙatu na daban a gadon daular Usmaniyya da ke tangaɗi, amma a kogon Baitalami suka sami sandar da suka kama.

Dokar ta 1852 ta hana faɗa babba, ta kuma haifar da ƙananan. Har yau limamin Katolika ba ya iya yin sallah a kan bagadin tauraron. Nasa bagadin yana gefe, wajen komin dabbobi, babbar sallar daren Kirsimeti kuwa a cocin Katarina da ke maƙwabtaka ake yin ta. A watan Disamba na 2007 da na 2011 duniya ta ga hotunan limaman Girka da na Armeniya suna dukan juna da tsintsiya wajen sharar shekara. Rufin cocin ya daɗe yana yoyo, domin a ƙa'idar wurin wanda ya gyara abu kamar ya ce nasa ne, don haka ba mai yarda ɗan'uwansa ya gyara. Sai da hukumar Falasɗinawa ta shiga tsakani aka fara aikin a 2013, shekara guda bayan hukumar UNESCO ta sa cocin cikin kayan tarihin duniya. A 2019 aka cire shi daga jerin wuraren da ke cikin haɗari, a farkon Avent na shekarar kuma Fafaroma Faransis ya aiko da wani ɗan guntun itace daga komin da ake ajiye da shi a Roma. Shekarar 2019 ita ce ta fi kowace albarka: baƙin da suka shiga ƙasar Isra'ila, waɗanda yawancin masu zuwa Baitalami ta nan suke bi, sun haura miliyon 4 da rabi. Masu otel suka ci bashi suka ƙara ɗakuna. Sai ga annobar korona a 2020.

Garin da ke ci daga ƙafar baƙo

Baitalami na da nisan kilomita 10 kacal a kudu da Birnin Ƙudus. Ya koma hannun hukumar Falasɗinawa ran 21 ga Disamba 1995, kwana huɗu kafin Kirsimeti, bisa yarjejeniyar Oslo. Amma ikon hukumar bai wuce cikin gari ba. Katangar da Isra'ila ta fara ginawa a 2002, wadda kotun duniya ta La Haye ta ce a 2004 ta saɓa wa doka, ta raba garin da Ƙudus, tsawonta a nan ya kai mita 8. Matsugunan Yahudawa irin su Gilo da Har Homa da Efrat sun zagaye shi. Falasɗinawa ba su da filin jirgin sama: baƙo ko dai ya sauka a filin Ben Guriyon, ko ya ƙetaro gadar Alenbi daga Jodan, duka biyu kuwa jami'an Isra'ila ne ke buga hatimi. Gonakin da a da ake noma sun ragu, masana'antu ba su da yawa. Abin da ya rage wa garin ƙafa biyu ne, baƙi da kuma ƙwadago a cikin Isra'ila.

Sana'ar hannu ta garin ma ziyara ce ta haife ta. Tun ƙarnonin baya iyalai suka gaji sassaƙa itacen zaitun da aikin ɓawon kifin teku mai ƙyalli, suna yin carbi da gicciye da ƴan siffofin komin haihuwa. Kar guda ta masu ziyara, in ta kwana biyu a garin, mai otel ya samu, mai tuwo ya samu, direba da ɗan jagora sun samu, masassaƙi a Bait Sahur da manomin da ya sayar masa da reshen zaitun su ma sun samu. Mutanen Agadas ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Sun ga yadda maƙeran azurfa da masu motocin hamada suka wayi gari ba ciniki bayan tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010, sa'ad da ma'aikatun harkokin waje na Turai suka shafa wa taswirar arewacin ƙasarmu jan launi. Jan launin nan, da zarar an shafa shi, kamfanin inshora ya janye, kamfanin jirgi ya soke tafiya, goge shi kuwa sai an shekara da shekaru.

Haka ta faru da Baitalami bayan 7 ga Oktoba 2023, ranar da mayaƙan Hamas suka kai harin da ya kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, suka kuma kama kimanin 250. Yaƙin da ya biyo baya a Gaza ya ci rayuka fiye da dubu 70 zuwa ƙarshen Nuwamba 2025, bisa ƙidayar ma'aikatar lafiya ta yankin. Ba a jefa bam a Baitalami ba, amma ƙafafun nan biyu an sare su rana ɗaya: baƙi suka tsere, Isra'ila kuma ta soke takardun aiki na ma'aikata fiye da dubu 100 na Yammacin Kogin Jodan.

Ran 10 ga Nuwamba 2023 shugabannin coci-coci na Birnin Ƙudus suka roƙi mabiyansu da su bar shagulgula a Avent da Kirsimeti na shekarar, su tsaya ga addu'a da tara taimako. Ma'aikatar magajin garin Baitalami ta bi sahu: ba itace, ba fitilu, ƴan sikawut suka yi jerin gwano ba ganga ba algaita. A cocin Lutaran na garin, Fasto Munzir Ishak ya kwantar da siffar jaririn a kan tarin ɓaraguzan gini, naɗe da rawanin Falasɗinawa, hoton ya zagaya duniya. A cikin Avent ɗin nan ne, ran 16 ga Disamba, aka harbe wata mata da ɗiyarta a harabar cocin Katolika guda ɗaya tak da ke Gaza. Fadar babban limamin Ƙudus ta ce sojan Isra'ila ne ya yi harbin, rundunar ta musanta. Fafaroma Faransis ya riƙa buga wa mutanen wannan coci waya kusan kowane dare har gab da rasuwarsa a watan Afrilu 2025.

Wani ƙaramin abu ya nuna zurfin yankewar. Tun 1986 gidan rediyo da talabijin na ƙasar Otirish ke aika yaro ya kunna fitila a kogon Baitalami, a kawo wutar Turai, ƴan sikawut su rarraba ta gari-gari a cikin Avent. A 2023 wata yarinya ƴar Baitalami ce ta kunna, aka bi da wutar ta Amman. A 2024 ba a ma je ba, sai da wutar bara da aka adana a Otirish aka yi amfani.

A je ko kada a je?

A nan ne muhawarar take, ta kuma raba kan Kiristocin kansu. Wasu na ganin bai kamata mutum ya tafi yawon ibada, ya kwana otel ya ɗauki hoto, alhali ana binne yara a nisan da bai kai kilomita 100 ba. Wasu kuma suna duba lafiyar tsofaffin da za su ɗauka. Limamin da ya kai mutum talatin ya san shi za a tambaya in wani abu ya faru, yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yuni 2025, wanda ya rufe sararin samaniya ya bar baƙi a maƙale, ya nuna tsoron ba na banza ba ne. Shugabannin coci na ƙasar kuwa matsayinsu ɗaya ne. Babban limamin Katolika na Ƙudus, Kardinal Pierbattista Pizzaballa, da shugaban Faransiskan na lokacin, Fada Francesco Patton, sun yi kira a watan Janairu 2025, da aka tsagaita wuta karo na biyu, cewa masu ziyara su komo. Tun kafin nan, a watan Yuni 2024, Kardinal Matteo Zuppi na Bolonya ya jagoranci mutanensa ya zo, ana tsakiyar yaƙi.

A ganinmu hujjar masu cewa a je ta fi ƙarfi, dalilin kuwa yana cikin ƙidayar jama'a. A shekarun 1940 mafi yawan mutanen Baitalami Kirista ne. Yau ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ƙaurar ta fara tun zamanin Turkawa, shi ya sa ƙasar Cile ta fi kowace ƙasa a wajen duniyar Larabawa yawan jikokin Falasɗinawa, har da ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna Palestino da aka kafa a 1920. Kiristan Baitalami ya yi lakkol mai kyau, yana jin harsuna, yana da kawu a Santiyago ko a Amurka. Fita ta fi masa sauƙi bisa maƙwabcinsa na sansanin ƴan gudun hijira na Dahaisha. Kowane lokaci da ciniki ya mutu, bayan 2000, bayan 2020, bayan 2023, wasu iyalai sun rufe gida sun tafi, wanda ya tafi kuwa da wuya ya komo. In aka ci gaba haka, za a wayi gari cocin na nan da tauraronsa da limamansa na ƙetare, ba jama'ar gari da za su yi sallah a ciki. Musulmin garin su ma ba su da riba a wannan. Masallacin Umaru, wanda aka gina a 1860 don tunawa da zuwan Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, yana fuskantar cocin a dandali guda, labarin haihuwar Annabi Isa yana cikin Suratu Maryam, yawancin masu tasi da masu talla da ke jiran kar ɗin baƙi kuwa Musulmi ne.

Sai dai zuwa ma iri-iri ne. Tun kafin yaƙin, kukan mutanen garin shi ne yawancin baƙi a otel-otel na Ƙudus suke kwana, a kawo su da kar, su yi sa'a ɗaya ko biyu a coci, a tsaya da su a kanti guda da ya yi yarjejeniyar kamasho da kamfanin, a mai da su bayan katanga kafin azahar. Irin wannan baƙo ya bar wa garin shara da cunkoso, kuɗinsa ya kwana wani wuri. Ga shi kuma ya koma gida bai yi magana da ko mutum ɗaya na garin ba, ya ga duwatsu bai ga masu su ba. Saboda haka ne wasu malaman Kirista na Falasɗinu, cikin takardar Kairos da suka fitar a Baitalami a watan Disamba 2009, suka gayyaci coci-cocin duniya su zo su gani da idonsu, su zauna da jama'a. A wannan ma'auni, ƙaramar ƙungiyar addu'a da ta zo cikin Avent ta kwana uku a masaukin garin, ta yi sallar Lahadi da Larabci tare da mutanen unguwa, ta fi kar goma na masu wucewa amfani. Ta fi su kuma jin abin da ba a so ta ji, domin wanda ya tsaya layi a shingen bincike sau ɗaya ba ya buƙatar a karanta masa jarida.

Kowane ɓangare ya san darajar wannan shaida. Gomnatin Isra'ila na son ganin masu ziyara, don kuɗinsu da kuma don su zama alamar cewa komai ya daidaita. Hukumar Falasɗinawa na son su don su ga katanga. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu tsohuwar da ta taso daga Poland ko Filipin da carbinta take ratsawa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Daga yankinmu, Najeriya ce ke da babban rabo a wannan hanya. Tun 2007 tana da hukumar gomnati mai kula da ziyarar Kiristoci, kwatankwacin ta alhazai, dubban mutane sun tafi ta hannunta, wasu ma na ƙara haruffan JP a bayan sunansu in sun komo, kamar yadda ake cewa Alhaji. Ga Kiristocin Nijar hanyar ta fi tsawo. Ƙasarmu ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta mai da ita a 1996, ta sake yankewa a watan Afrilu 2002, a daidai makonnin da sojojin Isra'ila suka yi wa Cocin Haihuwa ƙawanya ta kwana 39, da Falasɗinawa wajen 200 a ciki. Ɗan Katolika na Yamai ko Maraɗi ko Dogon Dutsi ya fi sanin Baitalami ta ɗan komin da yara ke ginawa a harabar coci kowane Disamba, al'adar da ake dangantawa da Faransis na Asisi tun 1223.

Tsagaita wutar da ta fara aiki ran 10 ga Oktoba 2025 ita ta ba magajin gari ƙarfin halin kunna fitilu. Amma ziyara ba ta tashi rana ɗaya. Kakar Baitalami gajera ce: daga farkon Avent zuwa 25 ga Disamba na Katolika, 7 ga Janairu na Otodoks, 19 ga Janairu na Armeniyawa, sai kuma a jira Ista. Ƙungiyar da za ta zo a Avent tun wajen damina take yanka tikiti, ta biya kafin alƙalami, ta nemi inshora. Shi ya sa otel-otel da yawa suka kasance rabi a wofi a Disamba 2025 duk da fitilun: shawarar zuwa ko fasawa an riga an yanke ta watanni kafin nan, a ɗakunan taron coci na Milano da Karakob da Manila da Jos, lokacin da labarin da ke fitowa daga rediyo na yunwa ne da ruwan bama-bamai.